Daga Gimbana Zuwa Birnin Ƙonni: Kaburburan Da Iyaka Ta Raba

Duk motar da ta taso daga Kontagora ko Yawuri ta nufi Sakkwato, sai ta ratsa Maiyama, ta tsaya Jega, ta wuce Aliero da Tambuwal. In direba ya zarce ta Kware da Gwadabawa, a Illela zai tarar da shingen kwastan, bayan shingen kuma Birnin Ƙonni ce ta Jamhuriyar Nijar. Mutanen Gehuru da Alelu da Kimba da sauran garuruwan ƙasar Jega sun san wannan hanya da albasa da shinkafa da dabbobi. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, kusan kowane zango nata yana daura da makwancin wani malami ko sarki ko mayaƙi na ƙarni na 19, kuma jikokin waɗannan mamata yau wasunsu na riƙe da katin ɗan ƙasa na Najeriya, wasu na Nijar.

A wasu ƙasashe irin wannan gado ya zama sanadin zumunci tsakanin maƙwabta, har da kuɗin shiga. A nan ma jama'a na zuwa ziyara tun kaka da kakanni. Sai dai ziyarar ta tsaya ga kaburburan waɗanda suka ci yaƙi, waɗanda aka ci kuwa kowa ya bar wa zuriyarsu.

Gimbana, inda wutar ta tashi

Ɗan makarantar da aka tambaya inda jihadi ya faro zai ce Degel ko Gudu. Amma tartsatsin farko a ƙasar Kabi ya faɗo, a garin Gimbana, ba nisa da Jega ta yau. Malam Abdussalami, Ba'are, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa tun zamanin Sarkin Gobir Nafata, ya zauna a can. A ƙarshen 1803 Sarkin Gobir Yumfa ya tura runduna ta ci garin, aka kashe na kashewa, aka ɗaure na ɗaurewa. Da ayarin kamammun ya biyo ta kusa da Degel, jama'ar Shehu suka kwance su. Wannan ne ya fusata Yumfa, kuma shi ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804, da karon Tafkin Kwatto a watan Yuni na shekarar.

Labarin Abdussalami bai ƙare da daɗi ba. Bayan nasara ya ga rabon da aka yi masa na ƙasa bai kai wahalar da ya sha ba. Shehu na rasuwa a 1817 ya yi tawaye daga Kware. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ta aika masa wasiƙu, daga bisani ya yaƙe shi, Kware ta faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya fita da rauni, ya cika a wajen Bakura. Bello ya rubuta littafi kan rikicin, mai suna Sardul Kalam, wanda ya adana har da hujjojin abokin hamayyarsa. Ragowar mabiyan suka tattara a Kalambaina ta ƙasar Gwandu, kuma a yaƙin da aka yi da su ne Bello ya kawo wa baffansa Abdullahi gudunmawa, su biyun suka shirya bayan sanyin da ya shiga tsakaninsu kan gadon Shehu. Ɗan Abdussalami, Buhari, shi ya kafa Jega, aka yi sulhu da shi, garin ya zama babbar kasuwa a kan hanyar fataken goro masu zuwa Gwanja. Har yau Gimbanawa ke riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

Ke nan mutumin Jega ya gaji ɓangarori biyu na tarihin: kakansa na cikin waɗanda aka yi jihadi dominsu, yana kuma cikin waɗanda daular ta yaƙa. Da wuya a sami garin da ya fi shi cancantar ba da labarin dukansa.

Ziyarar da ba ta taɓa yankewa ba

Daga Aliero ko Tambuwal, ɗan karkatawa kaɗan ke kai mutum Gwandu. Nan Shehu ya zauna bayan an ci Birnin Kabi a 1805, kafin ya koma Sifawa, sannan Sakkwato a 1815. Nan kuma ƙanensa Abdullahi, marubucin tafsirin Liya'ut Ta'awili da littafin Tazyinul Waraƙati, yake kwance, tare da wasu daga cikin magadansa. Hedikwatar masarauta ta koma Birnin Kebbi a zamanin Turawa, amma hubbaren ya ci gaba da jan baƙi. Ikon Gwandu a da ya kai Nufe da Ilori ta kudu, ya kai Sayi da Liptako ta yamma, wato cikin Nijar da Burkina Faso na yau. A Sayi, bakin Kwara, kabarin Alfa Muhamman Jobbo yake, malamin da ya mayar da garin cibiyar ilimi a ƙarƙashin tutar Gwandu, kuma a garin ne aka buɗe Jami'ar Musulunci a 1986. Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarki Halilu, a can ya ci karo da kwafin Tarihus Sudan, littafin tarihin Songhai da Tumbuktu. Wannan kaɗai ya isa nuna nisan da takardu da mutane ke tafiya a lokacin.

Hubbaren Shehu a Sakkwato shi ne uwa-uba. Shehu ya rasu ranar 20 ga Afrilun 1817, aka rufe shi a gidansa. Kusa da shi 'yarsa Nana Asma'u take, wadda ta rasu a 1864. Ita ce ta tsara 'Yan Taru, inda kowace jaji ke jagorantar matan karkara su zo ɗaukar karatu su koma su koyar, kuma al'adar zuwan mata rukuni-rukuni, da guzurinsu da 'yar sadakarsu, ba ta mutu da mutuwarta ba. Bayan an gama girbi, hanya ta bushe, aljihu ya ɗan yi nauyi, motoci kan cika da masu ziyara. Wasu daga Sakkwato su wuce Wurno, inda Bello ya rasu a 1837, wasu su kai Degel, inda kabarin Muhammadu Fodiyo, mahaifin Shehu, yake.

Cikin masu zuwa akwai mutanen Tawa da Madawa da Ƙonni da Dosso. Ba baƙi ba ne a wurin, domin Shehu ɗin nasu ne. A Marata aka haife shi a 1754, kuma Marata tana cikin Nijar, kusa da Galmi. A Agadas ya yi karatu wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Mai son bin sawun Shehu daga haihuwa zuwa kabari dole ne ya ƙetare iyaka.

Waɗanda suka ƙi miƙa wuya

Akwai wasu kaburburan da matafiyin Sakkwato ba ya tsayawa gare su. Da Birnin Kabi ta faɗi, sarakunan Kabawa ba su sallama ba. Suka ja da baya, suka kafa Argungu, kuma daga 1849, da Yakubu Nabame ya ɗaga takobi, suka yi rabin ƙarni suna gwabzawa da Gwandu da Sakkwato, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Abokan ƙawancensu su ne Arawa da Dandawa da Zabarmawan Dosso, waɗanda da yawansu yau 'yan Nijar ne. Tsohuwar fadar Argungu, wadda ta zama Gidan Tarihi na Kanta a 1958, a cikinta ake rufe sarakunan Kabi. Can arewa maso gabas kuma, cikin Jihar Sakkwato, kufan Surame ne, babban birnin Muhammadu Kanta na ƙarni na 16, da ganuwarsa ta duwatsu, wanda ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO tun 2007.

Gobirawa ma haka. Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Yumfa. A Gawakuke, 1836, Bello ya ci haɗakar Gobirawa da Katsinawa da Abzinawa, Sarkin Gobir Ali da Sarkin Maraɗi Rauda suka faɗi a fagen fama. Bayan nan aka kafa Tsibiri. Yau Sarkin Gobir na Tsibiri da Sarkin Katsinan Maraɗi a Nijar suke, alhali kufan Alƙalawa da birnin Katsina na cikin Najeriya. Bagobirin Tsibiri da ke son ganin inda kakanninsa suka yi mulki shi ma sai ya ƙetare iyaka, kamar yadda Basakkwace zai ƙetare in yana son ganin Marata.

Wannan yanki ya taɓa nuna cewa ya iya rufe tsohon rauni. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, aka shirya masa kamun kifi don girmamawa. Daga wannan ziyara ta sulhu bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya a 2016, kuma masunta da 'yan kallo daga Nijar na cikin masu halartarsa.

Layin da Turawa suka ja

Iyakar da ta raba waɗannan kaburbura ba ta kai shekarun mafi yawansu ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a kan takarda daga Sayi zuwa Barruwa, bakin tafkin Chadi. A 1898 suka zana baka mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransawa suka ga an bar musu hamada ba rijiyoyi a hanyar Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906, sannan tawagar Tilho da O'Shee ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Tsawon iyakar ya kai kimanin kilomita 1,500. Zuwan Turawan ya ƙara yawan kaburbura: kisan gillar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni a 1899, faɗuwar Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, shahadar Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi cikin Yulin shekarar, da rushe Satiru a 1906. Ɗan Attahiru ya ja sauran jama'a har Sudan, inda garin Maiwurno yake a bakin Shuɗin Nilu.

Shekaru da dama iyakar ba ta hana kowa komai ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba 'yan yankin damar shiga da fita ba biza. Amma a 'yan shekarun nan abin ya sauya. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, sai a Maris 2024 Najeriya ta buɗe. A Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Ga kuma matsalar tsaro: 'yan bindiga a gabashin Sakkwato, wajen Sabon Birni da Isa, da Lakurawa a wajen Tangaza da Gudu da arewacin Kebbi. Gudu da Alƙalawa, wurare biyu da tarihin jihadi bai cika sai da su, suna cikin yankunan da matafiyi ke tunani sau biyu kafin ya nufa.

Yadda Foland da Yukren suka yi da nasu

A gabashin Turai akwai ƙasashe biyu da suka sha irin wannan. Birnin Lviv na ƙarƙashin Foland tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Bayan 1945 aka matsar da iyaka, birnin ya faɗa Tarayyar Sobiyat, yau yana cikin Yukren. Yawancin 'yan Foland aka kwashe su zuwa yamma, suka bar matattunsu a maƙabartar Lychakiv, wadda aka buɗe tun 1786. A ɗaya gefen kuma, a 1947, gwamnatin Foland ta tayar da 'yan Yukren kusan 140,000 daga kudu maso gabashin ƙasar, su ma suka bar nasu kaburburan a ƙauyukan da suka zama kufai.

Cikin Lychakiv akwai sashen da aka rufe 'yan Foland da suka mutu a yaƙin 1918 zuwa 1920, da yawansu matasa ne, kuma wasunsu da 'yan Yukren suka yi faɗan a kan mallakar birnin. Hukumomin Sobiyat suka tura motocin rusau suka baje shi a 1971. Bayan rushewar Sobiyat aka shiga gyara, aka kuma shiga jayayya ta shekaru kan kalmomin da za a rubuta a jikin dutse, domin jarumin wannan shi ne maharin wancan. Sai ranar 24 ga Yunin 2005 shugabannin ƙasashen biyu, Aleksander Kwaśniewski da Viktor Yushchenko, suka buɗe wurin tare, a rana ɗaya da abin tunawa da sojojin Yukren da suka mutu a yaƙin, wanda aka gina daura da shi. Maƙabartar gidan tarihi ce a hukumance, ana sayen tikiti a shiga, akwai 'yan jagora. Kafin Rasha ta afka wa Yukren a 2022, motocin baƙi daga Foland ba su yankewa a ƙofarta, wasu na neman kabarin marubuciyarsu Maria Konopnicka, su kuma wuce ta gaban na Ivan Franko, babban marubucin Yukren.

Ba a ce komai ya warware ba. Kisan da aka yi wa 'yan Foland a Volhynia a 1943 har yanzu yana ta da jijiyar wuya, kuma daga 2017 aka dakatar da tono gawarwakin don sake binne su, sai a 2025 aka koma aikin. Darasin dai a fili yake: wurin bai zama abin zuwa ga kowa ba sai da kowane ɓangare ya yarda a ambaci matattun ɗan'uwansa.

Kabarin Musulmi ba na kallo ba ne

Ba za a kwafo Lviv a dasa a Gwandu ba. Maƙabartar Turawa cike take da gumaka da sassaƙen marmara, abin kallo ne ko ga wanda bai san mamacin ba. Kabarin Bahaushe tudun ƙasa ne, sai ɗan icce ko fasasshiyar tukunya, damina biyu ko uku ta shafe shi. Haka addini ya so. Abin da ke riƙe da shi shi ne ƙwaƙwalwar tsofaffi, kuma in tsohon da ya san wurin ya rasu, gonar wani ta haɗiye shi.

Ga kuma saɓanin malamai. Kowa ya yarda ziyarar kabari don tuna lahira da yi wa mamaci addu'a sunna ce. Inda aka rabu shi ne gini a kan kabari, da ɗaura niyyar doguwar tafiya dominsa, da neman tabarruki. 'Yan Ƙadiriyya da Tijjaniyya na ganin ziyarar bayin Allah alheri ce, shi ya sa dubban 'yan Najeriya ke zuwa Kaulaha ta Sanagal, inda Shehu Ibrahim Inyass yake kwance tun 1975. Ƙungiyar Izala, da aka kafa a Jos a 1978, na ganin ƙofar shirka ce ake buɗewa. Duk shirin da ya yi kunnen uwar shegu da wannan muhawara zai mutu tun a jariri. Inda saɓani ya koma bakin bindiga kuwa, an ga abin da ya faru a Tumbuktu a 2012, lokacin da masu ɗauke da makamai suka rushe hubbaren waliyyai, har Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara 9 a 2016.

Akwai dai filin da kowa zai iya tsayawa. Ɗan Izala da ɗan ɗariƙa duk suna karanta littattafan Abdullahin Gwandu, duk suna alfahari da Shehu. Ba wanda zai ƙi a kewaye maƙabarta don kada dabbobi su tattake ta, ko a hana masu filaye cinye gefenta, ko a rubuta tarihin wanda ke ciki. Mai zuwa addu'a ya yi addu'arsa, ɗalibi ya ɗauki darasinsa. Abin da za a kauce wa shi ne mayar da makwancin Musulmi dandalin hoto da ciniki.

Aikin da ke jiran masu yi

Kayan aikin na nan, haɗa su ne ba a yi ba. Akwai Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da jami'ar jiha a Aliero. A Nijar akwai cibiyar binciken IRSH a Yamai mai tarin rubuce-rubucen ajami da Larabci, da jami'o'in Tawa da Maraɗi da Dosso. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, da aka kafa a 1971, mai mazauni a Yamai, wadda ba ta dogara da ECOWAS ba. Sama da duka akwai sarakuna, waɗanda ke halartar naɗin juna da ta'aziyyar juna ko gwamnatoci na gaisawa ko ba sa yi.

Amfanin ba na tarihi kaɗai ba ne. Mai ziyara yana hawa mota, yana cin abinci, yana neman masauki, yana sayen tsaraba. Jega mararraba ce tsakanin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri, daga Birnin Kebbi kuma hanya ta miƙe zuwa Kamba da Gaya. Aliero ta riga ta saba da baƙi daga nesa, masu zuwa sayen albasa da masu kawo karaya wajen masu ɗori. Ayarin da ya shigo ta Kamba, ya ga Argungu da Gwandu, ya kwana Jega, ya wuce Sifawa da Sakkwato da Degel, ya fita ta Illela zuwa Marata, ya zagaya tarihin ƙarni guda cikin 'yan kwanaki.

Sharaɗin shi ne a faɗi labarin da bakin kowa. In allon da za a kafa a Alƙalawa ya kira Gobirawa da sunan da zai sa jikokinsu sunkuyar da kai, ba mai zuwa daga Tsibiri. In na Argungu ya zagi Gwandu, ko na Kware ya taƙaita Abdussalami a kalmar ɗan tawaye, an sake buɗe abin da 1934 ta rufe. Wasan barkwancin da ke tsakanin ƙabilun wannan yanki shaida ne cewa jama'a sun daɗe da iya tuna yaƙi ba tare da sake yin sa ba. Masu rubuta allo ne za su koya daga gare su.

Tsaro da buɗe iyaka na hannun Abuja da Yamai, kuma ba wanda ya san ranar da za su daidaita. Amma matakin farko bai jiran su. Ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama, tare da hakimai da dagatai, za su iya tura ɗaliban tarihi gari-gari da na'urar ɗaukar murya, su zauna da limamai da tsofaffi, su rubuta wane ne ke kwance a ina, a wane yaƙi ya faɗi, ina zuriyarsa ta nufa. Kuɗin da aikin zai ci bai kai na gina ajin firamare 'yan ƙalilan ba. Jinkirinsa ne mai tsada, domin ganuwa in ta zube ana iya sake ɗora ta, amma kabarin da babu sauran wanda ya san inda yake ya ɓace ke nan har abada.